Babur ɗin Mahaifina a Gaban Alƙalai

A ƙarƙashin rumfar gidanmu akwai wata Honda CD175 da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya saya tun ina firamare. Har yau in ka buɗe mai ka ba ta kiki biyu zuwa uku, sai ta tashi. Tankinta ya sha walda sau biyu, salansar hagu ba tata ba ce, sirdin kuwa wani baduku ne ya sake ɗinke shi da jar fata. Kwanakin baya ɗan ƙanwata, wanda sha'awar tsofaffin babura ta shiga jininsa, ya zauna yana karanta mini ƙa'idojin da alƙalan baje kolin babura ke bi a Amurka. Muka riƙa zagaya tamu muna zabtare mata maki. Ba mu kai ga tayar baya ba ta riga ta faɗi jarrabawa.

Ƙa'idojin na ƙungiyar Antique Motorcycle Club of America ne, wadda aka kafa a 1954. Babur ba ya zama tsoho a wurinsu sai ya cika shekara 35. In aka kawo shi gaban alƙalai, da maki 100 yake farawa, sai a riƙa ragewa kan duk abin da ya saɓa wa yadda ya fito daga kamfani: launin fenti, irin noti, fitila, wayoyin wuta, har rubutun jikin tanki. Wanda ya wuce gona da iri wajen kwaskwarima, ya goge abin da kamfani bai goge ba har yana ɗaukar ido, shi ma sai a rage masa. Kuma ba a gwada babur da ɗan'uwansa. Kowanne da asalinsa ake gwada shi, don haka babura goma za su iya samun lambar yabo iri ɗaya a rana ɗaya.

Wannan na ƙarshe ya burge ni. Duk wanda ya taɓa zama alƙalin gasar makaranta ya san yadda zumunci ke lalacewa saboda na ɗaya da na biyu. Haka kuma sun raba babura gida biyu, waɗanda aka sabunta da waɗanda aka bari da fentinsu na asali ko da ya koɗe, kuma na yarda da wannan rabon. Tsatsar shekara sittin shaida ce, wanda ya kankare ta ya goge tarihi.

Inda muka raba gari shi ne nan: wane babur ne zai kai shekara arba'in da fentinsa na asali da notinsa na asali? Wanda aka killace. Wanda mai shi ke da mota biyu, ba ya hawansa sai ranar hutu in gari ya yi kyau. Babur ɗin da ya kai yara makaranta, ya ɗauko buhun masara daga gona, ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, dole ya karye a gyara shi da abin da aka samu. Ma'aunin kamfani yana ba wa hutu lada, yana cin tarar aiki.

Sai ɗan ƙanwar tawa ya ce, "Kawu, ai akwai wata gasar ta masu ƙira." Gaskiyarsa. Gasar duniya ta AMD, wadda aka fara a 2004, ta yi shekaru ana yin ta a Sturgis ta jihar Dakota ta Kudu, garin da mahaya babura ke yi wa tsinke tun 1938, daga baya ta koma Jamus. Can babu ruwansu da yadda kamfani ya yi. A shekarun da ake yin ta, akwai rukunin da aka sakar wa maƙeri mara ya ƙera abin da ransa ya ba shi, akwai na Harley-Davidson da aka sauya wa kama. Abin da ya fi jan hankalina shi ne masu gasar da kansu ne ke jefa wa juna ƙuri'a. Maƙeri ne ya san wahalar ƙira, kuma ba a yi masa rufa-ido da ƙyalli. Amma nan ma Hondarmu ba ta da wurin tsayawa, domin waɗancan baburan an ƙera su ne don a kalla, da kuɗin da zai sayi gida. A wasu wuraren baje koli akwai rukunin da suke kira na ɓera, na babura masu kama da bola, sai dai da yawansu da gangan aka tsufar da su. Talaucin aro ke nan.

Sharaɗin shiga da na fi girmamawa na Ingila ne. Tun 1930 ake yin wata tafiya da ake kira Pioneer Run, wadda a yau ke tashi daga Epsom zuwa wajen Brighton, kuma babur ba ya shiga sai an tabbatar da takarda cewa an ƙera shi kafin 1915. Bayan takardar, sauran hukuncin na hanya ne. Injin da ya haura shekara ɗari, wani ma da bel yake juya taya maimakon sarƙa, shi zai kai mai shi ko ya zube da shi a kan tudu. Babu alƙalin da zai yi son kai a nan.

Don haka nake ganin duk mai shirya baje kolin babura, ko a ina yake, ya kamata ya buɗe rukuni na uku, na baburan da suka ci guminsu. Sharaɗin shiga ya zama mai shi ya hau shi ya zo da shi, ban da ɗorawa a bayan a-kori-kura. Alƙalai su zama kanikawa masu baƙin mai a farce. A tambayi shekarun da ya yi yana aiki, a duba kowane gyara a ga ko an yi shi da basira ko an yi aikin a-tashi-a-tafi. Waldar da ta riƙe shekara ashirin ta samu maki, wayar da aka ɗaure birki da ita ta jawo kora nan take, domin dabara daban, ganganci daban. Za a ce wannan ma'auni ba shi da tsayayyen mizani kamar kundin kamfani. Haka ne, za a yi gardama. To wace gasa ce ba a gardama a kanta?

Mu da muka ga zamanin Vespa a ƙarƙashin malaman makaranta da 'yan kasuwa, muka ga shigowar Jincheng da Bajaj Boxer, muka ga yadda aka hana acaɓa a Kano a 2013, mun san babura irin waɗannan suna nan jibge a zauruka da bayan gareji, ana sayar da su a kilo ga 'yan gwangwan. Kowanne da aka narkar, ya tafi da aikin hannun wani bakanike.

Na kai wannan magana wurin tsohon da ke gyara wa mahaifina Hondar tun tana sabuwa. Yanzu ido ya yi rauni, yaransa ke aikin, shi yana zaune kan benci. Na zayyana masa maki ɗarin nan da yadda ake cire su. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yanzu kai ɗan nan, salansar da na sa mata ita ce laifi?"

Na ce, "A wurinsu dai, Baba."

Ya ce, "Ta Suzuki ce. Kwana uku na yi ina lanƙwasa ta kafin ta zauna, mahaifinka yana tsaye a kaina zai tafi ɗaurin aure Funtuwa." Ya miƙo hannu a ba shi makulli, ya ce in turo ta kusa ya ji ƙararta.