Jan farcen Essie da muhawarar gwaji a kan dabbobi

Essie kamfanin jan farce ne na ƙasar Amurka wanda Essie Weingarten ta kafa a shekarar 1981. Ta fara ne da launuka 12, tana kai su shagunan gyaran farce a Las Vegas. A shekarar 2010 kamfanin L'Oréal na Faransa, wanda ya fi kowane kamfanin kayan kwalliya girma a duniya, ya saye shi. A 'yan shekarun nan Essie na tallata jan farcensa a matsayin wanda babu sinadarin dabba a ciki, abin da ake rubutawa "vegan" a jikin kwalba. Duk da haka masu fafutukar kare dabbobi da dama ba su sa shi cikin kamfanonin da hannunsu ya fita daga gwaji a kan dabbobi ba.

Alƙawura biyu

Masu saye kan ɗauka abu ɗaya ake nufi, alhali alƙawura biyu ne daban. Na farko ya shafi abin da aka zuba a kwalba. Na biyu ya shafi yadda aka tabbatar cewa kayan ba zai cutar da mutum ba, wato ko an gwada shi a jikin zomo ko ɓera. Kamfani na iya cika ɗaya ya bar ɗaya.

Asalin jan farce ba daga dabba yake ba. Ginshiƙinsa nitroselulos ne da ake narkawa a cikin sinadarai masu saurin bushewa. Dabba na shigowa ne ta wajen launi da ƙyalli. Akwai guwanin, wanda ake samu daga ɓawon kifi, shi ne ke ba da sheƙi irin na lu'ulu'u. Akwai kuma karmin, jan launi da ake samu ta hanyar busar da wani ƙaramin ƙwaro mai rayuwa a jikin tsiron kaktus a niƙa shi, kuma ƙasar Peru ce kan gaba wajen samar da shi. A jerin sinadarai ana rubuta na farko CI 75170, na biyu CI 75470. Dukansu suna da madadi na masana'anta da aka daɗe ana amfani da su, don haka cire su ba babban aiki ba ne ga kamfani kamar Essie. Wannan alƙawarin shi ne mai sauƙin cikawa.

Batun gwaji da kasuwar Sin

Wahalar tana ga na biyu. Gwajin da ya fi tayar da hankalin jama'a shi ne na Draize, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1944, inda ake ɗiga sinadari a idon zomo ko a shafa a fatarsa a ga irin lahanin da zai yi. Tarayyar Turai ta hana gwada kayan kwalliyar da aka kammala a kan dabbobi a 2004, ta hana gwada sinadaransu a 2009, sannan a watan Maris na 2013 ta hana sayar da kayan da aka yi wa irin wannan gwaji ko a ina ne. Indiya ta bi sahu a 2014.

L'Oréal ya ce tun 1989 ya daina gwada kayansa a kan dabbobi, kuma ya zuba kuɗi a fasahar fatar da ake rainawa a ɗakin bincike, wadda reshensa EpiSkin ke samarwa a Lyon. Wannan gudunmawa ce da ko masu sukarsa ba sa musantawa. Sai dai kamfanin yana da babbar kasuwa a ƙasar Sin, inda shekaru da yawa doka ta wajabta gwada kayan kwalliyar da aka shigo da su a kan dabbobi kafin a ba su izini. Hukumomin ƙasar ne ke sa a yi gwajin, amma kamfanin da ya nemi shiga kasuwar ya san sharaɗin. Da wannan hujja ƙungiyar PETA ta bar L'Oréal a jerin kamfanonin da ba ta wanke ba.

Daga 1 ga Mayu 2021 Sin ta sassauta. Kayan kwalliya na gama-gari, ciki har da jan farce, na iya shiga ba tare da gwajin ba idan kamfanin ya kawo takardar ingancin masana'anta daga hukumar ƙasarsa da rahoton lafiyar kayan. Sassaucin bai haɗa da rinin gashi, man kariya daga rana, man ƙara hasken fata da kayan yara ba, kuma L'Oréal na sayar da irin waɗannan. Ke nan ko da ba a taɓa kai kwalbar Essie kusa da zomo ba, ribarta tana komawa ne ga uwar kamfanin da ake tuhuma.

A nan masu fafutukar kansu suka rabu. Wasu na ganin a saka wa duk reshen da ya gyara, domin uwar kamfani ta ga akwai riba a gyaran. Wasu na cewa aljihu ɗaya ne. An yi irin wannan gardama lokacin da L'Oréal ya sayi The Body Shop a 2006, kafin ya sayar da shi ga Natura na Brazil a 2017.

Wa ke tabbatarwa

A Amurka hukumar FDA ta bayyana cewa doka ba ta fayyace ma'anar iƙirarin rashin gwaji a kan dabbobi ba, kowane kamfani na iya rubuta shi yadda ya fahimta. Shi ya sa tambarin ƙungiyoyi ya samu muhimmanci, su ma ba nauyinsu ɗaya ba. Shirin PETA ya dogara ne galibi a kan takardar tabbaci da kamfani ya sa wa hannu. Shirin Leaping Bunny kuwa yana neman kamfani ya tsayar da ranar da daga ita ba zai karɓi sinadarin da aka gwada ba, ya riƙa sa ido a kan masu kawo masa kaya, ya kuma yarda a zo a bincike shi. Garnier, wanda shi ma na L'Oréal ne, ya samu wannan tambari a 2021, abin da ya nuna reshen L'Oréal na iya samunsa. Essie ba ya ɗauke da shi, saboda haka maganar kamfanin kawai mai saye ke da ita.

Abin da tambarin bai rufe ba

Madadin ɓawon kifi sau da yawa ma'adinin mika ne, kuma an sha samun rahotannin yara na haƙo shi a jihohin Jharkhand da Bihar na Indiya. L'Oréal na cikin kamfanonin da suka kafa Responsible Mica Initiative a 2017 don tsabtace wannan hanya. A 2015 kuma jaridar New York Times ta wallafa bincike kan ƙarancin albashi da rashin lafiyar ma'aikatan shagunan gyaran farce, waɗanda ke shaƙar sinadaran yini guda. Babu ɗaya daga cikin tambarin biyu da ya duba waɗannan.

Haka nan rashin sinadarin dabba bai nufin ruwan alwala zai ratsa jan farcen. Wannan iƙirari ne na daban da kamfanoni irin su Inglot da Orly ke yi wa wasu nau'o'in kayansu, kuma malamai da yawa ba su gamsu da shi ba.