Damfarar tikitin wuraren wasa: me ya sa mu mazauna Kudu muke saurin faɗawa?

Sallah na matsowa, yara sun fara tambayar ina za a kai su bana. Kafin kowa ya tura kuɗinsa wani wuri, ina so mu yi maganar wata damfara da ta ci mu a gidanmu, wadda na lura mutane da yawa ta ci su amma kunya ta hana su faɗa.

Abin da ya same mu

Babbar Sallar bara yayana ya ga talla a wani zauren WhatsApp na 'yan unguwa. Tikitin wani wurin wasan ruwa ne can bayan Ajah, wai an yi rangwamen Sallah, naira 6,000 kowane mutum, kusan rabin kuɗin ƙofa. Tallar ta zo da hotunan wurin, da tambarinsu, har da saƙon murya da Hausa tsantsa, mai maganar ya fara da sallama ya ƙare da "Allah ya maimaita mana". Ya ce tikiti 50 kawai suka rage, kuma an ware wa mata ɓangarensu a ranar.

Gidaje huɗu muka haɗa kuɗi: yara 16, manya uku. Naira 114,000 aka tura a wani asusu mai sunan Bahaushe. Cikin minti goma aka turo mana hotunan tikiti 19, kowanne da lambar QR ɗinsa. Muka ɗauki shatar danfo, muka sha cunkoso fiye da awa uku daga Agege. Da muka isa ƙofa, ma'aikaciyar ta haska tikitin farko, na'ura ta ce an riga an shiga da shi tun safe. Na biyu ma haka. Na uku ma babu shi a cikin kwamfutarsu gaba ɗaya. Muka kira lambar mutumin, a kashe. Muka duba WhatsApp, ya toshe mu.

Wallahi ban manta fuskar yaran nan ba. Suna jin ihun 'yan uwansu yara daga ciki, suna riƙe da tawul a leda. Ƙanwata 'yar shekara bakwai ta ce min, "Yaya, mu ba za a bar mu ba ne don mu Hausawa ne?" Na ce mata a'a, ma'aikatan ba su da laifi, wani ɓarawo ne ya yaudare mu tun daga gida. A gefenmu akwai wani Bayarabe da iyalinsa riƙe da irin hoton tikitinmu sak, har lambar ɗaya ce.

Me ya sa abin ya yawaita yanzu?

Na farko, wuraren da talaka ke zuwa kyauta sun ƙare. Iyayenmu suna ba mu labarin Bar Beach, inda ranar Sallah kuɗin mota kawai kake buƙata. Yau wurin ya zama Eko Atlantic. Landmark Beach, wanda shi ma da kuɗi ake shiga, an rushe ɓangarensa na bakin teku a Afrilun 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba. Abin da ya rage yawanci wurare ne masu ƙofa da tikiti: Lekki Conservation Centre mai gadar nan ta sama mai tsawon mita 401, Omu Resort a Bogije, Hi-Impact Planet a kan titin Legas zuwa Ibadan, Agodi Gardens da gidan namun daji na Jami'ar Ibadan, Pleasure Park na Fatakwal da aka buɗe a 2017, Park Vega a Agbor ta Jihar Delta. Duk inda mutane suka yi yawa kuma ƙofa ɗaya ce, akwai layi, kuma duk inda layi ya yi tsawo za a samu mai cewa zai shigar da kai ta gajeriyar hanya.

Na biyu, tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Magidanci mai 'ya'ya shida in ya lissafa kuɗin ƙofa da na mota da na abinci, ya kan kai kuɗin ɗan akuya. In aka ce masa ga rabin farashi, zuciyarsa za ta so ta yarda tun kafin hankalinsa ya yi bincike.

Na uku, yadda muke biyan kuɗi ya canza. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya, har dattawan kara da a da ba sa yarda sai sun ƙirga da hannu. Mun koyi turawa, amma ba mu koyi tantance wanda muke tura wa ba.

Inda tamu ta bambanta

Damfarar nan tana cin kowace ƙabila, amma akwai wata ƙofa da ake shigo mana ta ita. Mu mutanen dillali ne. Ni a kara na tashi, na ga yadda Baba ke sayar da shanu na miliyoyi da baki kawai, ba takarda, saboda dillalin da ya haɗa cinikin sananne ne, yana da fatoma, yana da inda yake zama kullum, in ya ci amana gobe ba shi da fuskar shiga kasuwa. Wannan tsarin yana aiki ne don kowa ya san gidan kowa.

Ɗan damfara ya gane haka. Sai ya zo mana a rigar dillali: harshenmu, sallamarmu, sunan asusu irin namu. Mu kuma muka ba shi yardar da muke ba dillalin kara, alhali shi ba shi da rumfa, ba shi da maigida, layin waya ne kawai da zai iya jefarwa a kwata. Da muka ba Baba labari, tambaya ɗaya ya yi wa yayana: "Wa ya tsaya masa?" Yayana ya ce wani ne ya turo a zaure. Aka kira wanda ya turo, shi ma ashe an ci shi tikiti biyar, ganin tallar ya yi a wani zauren ya tura da kyakkyawar niyya. Baba ya ce, "To kun yi cinikin biri a sama."

Sannan sun san abin da ke damun mu. Magidanci Musulmi yana tunanin shigar da ake yi a wurin ruwa, yana tunanin matarsa da 'ya'yansa mata. Shi ya sa maganar "ɓangaren mata daban" ta yi tasiri a kanmu fiye da rangwamen ma. Da muka tambaya a ƙofa, ma'aikatan suka ce su ba su taɓa yin irin wannan sanarwar ba.

Abu na ƙarshe shi ne shirunmu. Da yawa daga cikinmu ba ma son zuwa caji ofis a Kudu, muna tsoron mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma, ko a ce kawo kuɗin mai. Ga kuma kunyar a ce wane da wayonsa an damfare shi. Sai a ce an bar wa Allah. Barin wa Allah daidai ne, amma shirun ne ke ba ɓarawon damar komawa zaure na gaba da talla iri ɗaya.

Salon da suke bi

Akwai na intanet, irin wanda ya ci mu: shafin bogi a Facebook ko Instagram da aka kwafi hotunan wurin gaske. Wani lokaci tikiti ɗaya na gaske suke saya, su ɗauki hotonsa su sayar wa mutum ashirin. Wanda ya riga isa ƙofa ya shiga, sauran su tsaya a rana. Lambar QR sau ɗaya take aiki, hotonta kuwa ana iya tura shi sau dubu.

Akwai na bakin ƙofa: samari da ke tare mota tun daga nesa, wasu har da riga mai kama da ta ma'aikata, su ce layi ya yi tsawo kawo kuɗin su karɓo maka. Wasu su sayar maka da abin ɗaurawa a hannu na jiya, alhali kalar ta yau daban ce. A bakin teku kuma za ka iya biyan kuɗin ajiye mota ga mutum uku kafin ka ga ruwa.

Akwai na "ka ci kyauta": saƙo ya zo cewa iyalinka sun ci tikitin banza, ka danna nan ka sa lambar katinka ko ka karanto lambar da banki ya turo maka. Wannan ya fi muni, don asusun gaba ɗaya ake kwashewa.

Sai kuma wanda ba damfara ba ne amma yana jawo rigima: a wurare da yawa kuɗin ƙofa daban, na lilo da sauran wasanni daban. Wasu wuraren ruwa ba sa barin shiga da kayan gida, wasu wasannin kuma sai yaro ya kai wani tsayi. In ba ka tambaya ba, za ka ga kamar an cuce ka.

Game da taron da ake cewa kyauta ne, kada mu manta da abin da ya faru a Ibadan ranar 18 ga Disamban 2024 a filin Islamic High School da ke Bashorun, inda aka yi alkawarin raba wa yara 5,000 naira dubu biyar-biyar, turmutsutsu ya kashe yara 35. Wannan ba maganar tikitin bogi ba ce, amma darasin ya shafe mu: kafin ka kai yaro taro, ka san wa ya shirya, mutum nawa wurin ke ɗauka, kuma ta ina ake fita.

Abin da za mu yi

Mafi sauƙi, a saya a ƙofa, a tagar da aka rubuta farashi, a karɓi rasit. In ana tsoron layi a je da sassafe, ko a bari sai kwana na uku ko na huɗu na Sallah. In tafiyar ta gidaje da yawa ce, a tura mutum biyu kwana biyu kafin ranar, su ga wurin da idonsu, su tambayi ofis ko akwai rangwamen jama'a, su tambayi dokar tufafi da ta abinci da inda ake sallah. Kuɗin motar mutum biyu bai kai asarar mutum 19 ba.

In dole sai ta intanet, kada a bi ta adireshin da aka turo a zaure. A nemo lambar wurin da kai, a kira a tambaya ko tallar tasu ce. Kafin ka danna tura kuɗi, manhajar banki tana nuna sunan mai asusu. Kamfanin da ya gina wurin biliyoyi ba zai karɓi kuɗin ƙofa a asusun mutum ɗaya ba. In sunan kamfani ne, ana iya duba shi kyauta a shafin hukumar CAC. A Facebook kuma akwai inda ake ganin ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa amfani da su. Shafin da aka buɗe makonni uku kafin Sallah ya isa ya sa ka tsaya. Duk mai cewa "saura kaɗan, turo yanzu" so yake kada ka samu lokacin tambaya.

In an riga an ci ka, ka kira bankinka a take, kada ka bari sai bayan hutun Sallah, don kuɗin ba ya kwana a asusun farko. Ka ajiye rasit da hotunan hirarku da lambar wayar. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, kuma ka tafi da wani daga fadar Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa in kana jin tsoron zuwa kai kaɗai. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara, don haka ba ƙaramin laifi ba ne. In banki ya yi mako biyu bai saurare ka ba, kana da damar kai ƙorafi sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. In kuwa wurin wasan ne da kansa ya karɓi kuɗinka ya ƙi cika alkawari, wannan aikin hukumar FCCPC ne, a Legas kuma akwai LASCOPA.

Ina da magana ta musamman ga samarinmu masu POS da 'yan acaɓa da masu tura baro. Kada ka ba kowa aron asusunka don ya ba ka dubu biyu. Tun ƙarshen 2023 Babban Banki ya umarci a haɗa kowane asusu da BVN ko NIN. Ma'ana in aka bi sawun kuɗin sata, ƙofarka za a fara bugawa, shi mai saƙon muryar ya daɗe da ɓacewa.

Na ji wasu dattawa suna cewa maganin abin kawai a daina zuwa. Ina girmama ra'ayinsu, kuma gaskiya akwai wuraren da bai dace a kai iyali ba. Amma yaran nan a nan aka haife su, ajinsu ɗaya da yaran da ke dawowa hutu da labarin inda suka je. In muka hana ba tare da mun samar musu wani abu ba, babban cikinsu zai saya a ɓoye daga waya, kuma shi ne ya fi sauƙin kamu. Gara kwamitin masallaci ko ƙungiyar kara su ɗauki abin a hannu: a zaɓi wuri mai mutunci, a sayi tikiti daga ofis, a sanar ranar Juma'ar da ke gaban Sallah cewa duk tallar da ba ta bi ta hannun kwamiti ba a yi hattara da ita. Masu kula da zaurukan WhatsApp su ma su daina barin tallar da babu wanda ya tsaya mata.

Mu dai ranar ba mu koma gida haka ba. Muka haɗa abin da ya rage a aljihu, muka saya wa yaran shinkafa da lemo a hanya, bayan sati biyu Baba ya biya aka kai su gidan namun daji na Ibadan, aka sayi tikiti a taga. Bana tun yanzu mun sa ranar da ni da yayana za mu je mu duba wuri da ƙafarmu.

In irin wannan ta taɓa samun ka, faɗa wa maƙwabcinka kafin ya tura nasa. Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya tsare mana dukiyarmu da 'ya'yanmu.