Gori Ma Yana Shiga Jini: Damuwa da Ciwon PCOS

A shekarar 1935, wasu likitoci biyu a birnin Shikago na Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana wata lalura da suka gani a jikin mata bakwai: al'ada ba ta zuwa a kan kari, gashi yana tsirowa a fuska, ma'ajiyar ƙwai kuma ta cika da ƙananan ƙullutu. Ita ce a yau ake kira PCOS. Kusan mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa tana ɗauke da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har kashi 70 cikin ɗari nasu ba a gano ciwon a jikinsu ba.

Abin da ba a cika faɗa wa waɗannan mata ba shi ne, a jinin da yawansu akwai alamun wani kumburi na ɓoye, wanda ba ya zafi, ba ya kuma tashi a fata. Gwajin jini kan nuna ɗan ƙaruwar sinadarin CRP, shaidar cewa garkuwar jiki tana cikin shirin yaƙi ba dare ba rana. Irin wannan kumburi yana sa jiki ya daina jin maganar insulin. Insulin ɗin sai ya yi yawa, ya zuga ma'ajiyar ƙwai ta ƙara fitar da sinadarin maza, ƙwai kuma ya kasa nuna.

A nan ne damuwa take shigowa. Idan hankali ya tashi, jiki yakan saki kotisol, wanda a ɗan gajeren lokaci yake kwantar da kumburi. Amma idan tashin hankalin ya daɗe, ƙwayoyin garkuwa sukan saba da shi su daina saurarensa, barci ya lalace, kitse ya taru a ciki. Damuwa ba ita ke haifar da PCOS ba, domin gado yana da hannu a ciki, sai dai tana iya zuba masa fetur.

Saboda haka matar da ta shekara biyar da aure ba haihuwa, tana shan habaicin dangin miji, ana yi mata barazanar kishiya, ana dariyar gashin haɓarta, nauyi biyu take ɗauka, kuma na biyun mutane ne suka ɗora mata.

Ƙa'idojin duniya kan wannan ciwo, waɗanda aka sabunta a 2023, sun ce a binciki alamun baƙin ciki da fargaba tun ranar da aka gano shi. Ya kamata likita ya tambayi yadda take barci kafin ya ce ta rage ƙiba. Miji kuma ya raka ta asibiti, ya ji bayanin da kunnensa, ya tsaya tsakaninta da masu gori. Akwai magungunan da ke taimaka wa ƙwai ya fita, kuma da yawa daga cikin masu PCOS suna haihuwa. Sai dai babu ƙwayar da za ta gyara abin da ake faɗa mata a tsakar gida.