Ɗanyen Katako da Ɗanyen Kai

Akwai wani sabon yayi a tsakanin 'yan bokon da suka fito daga kudancin Kano. Ma'aikacin banki ne ko likita ko malamin jami'a, ɗan asalin Kiru ko Bebeji, ya gina gida a garinsu ya ware ɗaki guda domin aikin katako a ƙarshen mako. Ya kwana yana kallon Turawan Amurka a YouTube suna fasa katako da injuna masu walƙiya, sai ya sayi zarto na lantarki da abin huda da janareto. A watan Agusta ya tsaya a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ya loda falankai a bayan mota, cikin Asabar biyu ya haɗa teburi, ya ɗora hotonsa a Facebook. Kafin watan Janairu ya ƙare teburin ya tsage daga kai zuwa gindi, ƙafa ɗaya ta daina taɓa ƙasa. Daga nan hukunci ya fito: katakon Najeriya ba shi da kyau.

Wannan hukunci zalunci ne. Katakon bai yi laifin komai ba, abin da aka halicce shi a kai ya yi. Mai laifin shi ne wanda ya sayi inji kafin ya nemi sani, alhali sanin yana zaune a ƙarƙashin inuwa a bayan gidansu, da gizago a hannunsa.

Katako yana shan laima yana fitarwa har ƙarshen rayuwarsa. Idan ya sha ya kumbura, idan ya bushe ya tsuke, kuma kusan duk wannan motsi ta faɗi yake yinsa, tsawonsa bai cika canjawa ba. Ƙasar Kano kuwa tana cikin wuraren da suka fi wahalar da katako. A watan Agusta laimar iska kan wuce kashi 70 cikin 100, a tsakiyar hunturu ta faɗo ƙasa da kashi 20. Yawancin falankan da ake sayarwa a kasuwa daga dazukan Kudu ake kawo su, da ruwansu. Wanda ya danne irin wannan falanki da ƙusa ta kowane gefe a damina ya hana shi motsi, shi kuwa dole ne ya motsa, don haka sai ya nemi hanya ta tsagewa.

Maganin ba ya buƙatar wutar lantarki. A jera falankan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da danshi, a sa siraran sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane falanki da ɗan'uwansa domin iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama don kada su kantare. A shafe bakunan biyu da fenti ko kakin zuma, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga take farawa. Kafintocin ƙasashen sanyi suna ba kowane inci na kauri shekara guda. Zafin Kano ya fi nasu sauri, amma sikeli ya fi lissafi gaskiya: a ware guntu ɗaya a riƙa auna shi duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa katakon ya yi. A wajen haɗi kuma, a fafe rami a ƙafar teburi, a fiƙe harshe a bakin sandar da za ta shige shi, a sa gam. Saman teburin a ɗaure shi ta yadda zai iya tsukewa da buɗewa. Haɗin rami da harshe ya girmi ƙusar masana'anta da dubban shekaru, kuma yana daɗewa fiye da ita.

Masassaƙin ƙauye ya san halin itace ba tare da ya taɓa jin kalmar laima a aji ba. Ya san ƙirya ce ta turmi da taɓarya saboda taurinta da yadda gara ke shakkarta, marke na ƙotar fartanya da gatari, aduwa ta allo, giginya ta azara. Yana duban gungume ya faɗi ta inda zai fashe. Turmin da ya sassaƙa yakan ga auren uwa ya ga na 'ya. A gefe guda kuma ga kayan ɗakin da ake yi wa amare a yau da garin katako da aka matse da gam, aka lulluɓe da leda mai sheƙi, waɗanda ruwan shara kaɗai ya isa ya kumbura gindinsu. Duk da haka ɗan boko yana kiran mai gizago baƙauye, yana kiran kabad ɗin da ba zai ga yaye ba kayan zamani. Rainin da ake yi wa sana'ar hannu ba shi da tushe ko a addini, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne.

Da asarar ta tsaya a kan teburin mutum ɗaya da ba a tanka ba. Amma kowane falanki bishiya ce, kuma mutumin Tudun Wada da Doguwa ya fi kowa a jihar sanin inda bishiyar take. Dajin Falgore, wanda ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya kai kusan murabba'in kilomita 1,000. Tun shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan gandun Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji. Ta cikinsa Kogin Kano ke gangarowa zuwa madatsar Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, wadda kuma ruwanta ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura. Saiwoyin doka da maje da kawo ne ke riƙe ƙasar gangaren. Idan aka sare su, ruwan sama ya kwashe ƙasar ya zuba a madatsa, ta riƙa cikewa da laka. Mai noman rani a Kadawa yana da haƙƙi a kan kowace bishiyar Falgore, ko da bai taɓa taka dajin ba.

A nan ne sabon mai sha'awar katako yake da haɗari, domin yana da kuɗi kuma yana da ido. Da zarar ya ga jan launin maɗaci ko zanen madobiya, sai ya raina duk wani katako. Ya kamata ya san labarin madobiya. A cikin 'yan shekaru kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta wawushe ta daga dazukan Afirka ta Yamma, musamman Taraba da Kogi da Adamawa, har aka sa ta a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES a farkon 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. A taron Panama na 2022 maɗaci da kawo su ma suka shiga wannan jeri. Yarjejeniyar cinikin ƙetare kawai ta shafa, ba ta hana mutumin Kiru sayen falanki a kan hanyar Jos ba. Abin da zai hana shi sai kunya. Bishiyar da ta shafe shekaru da dama tana girma ba ta dace da hannun ɗan koyo ba.

Ga kuwa katakon koyo a ko'ina. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, dangi ɗaya suke da maɗaci, jan cikinta yana da ƙwari, gara ba ta cika sonsa ba, kuma tana bakin kowane titi. Malaina tana da sauƙin aiki da sauƙin nauyi, ta dace da kanta da kujerar yara. Turare yana da ƙarfi, sai dai yana saurin tsagewa idan aka gaggauta shanyarsa. Sai tsohon katako na ƙofofi da gadaje da aka yar, wanda ya riga ya ga hunturu ashirin, ya gama duk motsin da zai yi. A cire ƙusoshinsa, a goge, ya fi sabo.

Kayan aikin farko ma kaɗan ne: zarto na hannu, cizal biyu ko uku, guduma, sikwaya, tef ɗin awo, abin matse katako da dutsen washi. Cizal mai kaifi ya fi dakusasshe aminci, domin dakusasshe ne ake dannawa da ƙarfi har ya zame ya sami hannu. Ɗaura faifan zarto a kan giranda, kamar yadda ake gani a wasu rumfuna, ganganci ne da ke cin yatsu. Ƙurar matsattsen garin katako tana cutar da huhu, ba a yanka shi ba tare da takunkumi ba. Baƙin man mota da ake shafawa don gara kuwa kada ya kusanci muciya ko akushi ko abin da yaro zai taɓa.

Mai ja zai ce itacen girki da gawayi da faɗaɗa gonaki su ne ke cinye daji, kafintan Asabar bai kai a lissafa shi ba. Ta fuskar yawa gaskiya ya faɗa. Sai dai mai gawayi talauci ne ya kai shi daji, ɗan boko kuwa zaɓi gare shi, kuma abin da ya zaɓa shi ne zai zama yayi a gari. Idan likitan garin ya yi alfahari da teburin darbejiya da ya shanya shekara guda, kafintan bakin kasuwa zai lura, iyayen amarya ma za su lura. Wani kuma zai ce ma'aikaci ba shi da lokacin jira. To ai shanya ba ta cin lokacin kowa, katakon ne ke jira, mai shi yana ofis.

Don haka wanda ya ware ɗaki a Bebeji ko Kiru ya ajiye injin tukuna. Ya sayi falankansa bana domin aikin baɗi. Ya je ya durƙusa ya gai da masassaƙin unguwarsu, ya zauna ya kalli yadda yake karanta gungume, ya biya shi ladan koyarwa kamar yadda zai biya kowane ƙwararre. Ya kuma dasa bishiya a madadin wadda ya saya, ya ba ta ruwa har ta wuce bakin akuya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba su taɓa cewa a yi teburi da shi ba.