Kayan Aro a Tukunyar Zango

Ƙasar Gana tana karya kumallo da abincin Zango. Kokon gero mai citta da kanumfari, wanda ake kira Hausa koko, da ƙosai da ake haɗa shi da shi, da shinkafa da wake wadda sunanta ya rikiɗe ya zama waakye, da tuwon zafi da miyar ayoyo, duk sunayensu na Hausa ne, kuma matan Zango ne suka yaɗa su a Kumasi har suka zama na kowa. Abin takaici, yayin da baƙo ke bin layi don sayen wannan abinci, gidaje da yawa a Buokrom da Aboabo da Asawase sun fara jin kunyarsa. Tuwo ya zama abincin tsofaffi. Yara sun koma ga taliyar leda da shinkafar waje da kazar sanyi, iyaye kuma suna kiran wannan ci gaba.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, wai ɗan Zango ɗan kasuwa ne tun asali, ba ruwansa da gona. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Fataucin goro ne ya kai Hausawa Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da faɗuwar Kumasi a hannun Turawan Ingila a 1896, fatake suka gangaro kudu suka kafa zangonsu a ƙasar Tonawa. Sai dai waɗannan fatake sun san darajar abin da ƙasa ke fitarwa, domin da shi suke ciniki: goro, da kanwa, da shanu. Jikan da ya gaji sunansu amma yake raina manomi, yana ce masa baƙauye, bai gaji komai daga hankalinsu ba.

Kayan aro ba ya rufe katara, kuma Gana ta sha ganin haka. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar ɗimbin 'yan ƙasa da aka kora daga Nijeriya, yunwa ta shiga gidajen masu albashi da marasa shi. Daga wannan darasi aka ƙirƙiro Ranar Manoma a 1985, wadda ake yi a watan Disamba. A 2022 darajar sidi ta faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekara, kuma duk abin da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa ta Tema ya yi tashin gwauron zabo. A watan Yulin 2023 sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyakoki, manyan motocin albasa suka maƙale a hanya, uwargida a Kumasi ta ji a jikinta. Gidan da shinkafarsa ta Biyetnam ce, kazarsa ta Barazil, tumatirinsa na gwangwani, kuɗin cefanensa yana hannun dala, maigida kuwa da sidi ake biyansa.

Za a ce Buokrom unguwa ce a cikin birni, gidajen haya ne ɗaki-ɗaki, ina filin noma? Wannan ma gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce kowane tela da direba ya ɗauki fartanya. Amma manomi yana rayuwa ne da mai saye. Masara da wake suna zuwa daga Ejura, doya daga Techiman, tumatir daga Akomadan, gero daga wajejen Bawku, shinkafar gida daga fadamun Fumbisi. Kowane kwano da aka auna daga waɗannan, kuɗinsa ya tsaya a cikin ƙasa, sau da yawa ma a hannun ɗan'uwa. Ganyen ayoyo da kuɓewa da barkono kuwa suna fitowa ko a cikin tsohon bokiti a bayan ɗaki. Gwamnatoci sun yi shelarsu, daga shirin ciyar da kai na Acheampong a 1972 zuwa shirin shuka don abinci da ayyukan yi na 2017, amma babu shirin da zai yi tasiri muddin mai cefane yana ganin abin gida a matsayin na talaka.

Akwai masu ɗora laifin duka a kan mata, suna cewa matan yanzu ƙyuya gare su. Wannan zalunci ne. Matar da ta tashi tun kafin asuba ta tace gasara, ta soya ƙosai, ta wuni a Kejetia tana neman kuɗin makarantar yara, ba ta cancanci a kira ta malalaciya ba. Tuwo yana cin lokaci, yana cin gawayi. Maigidan da yake miƙa wa kowane yaro 'yan kuɗi ya je ya sayi abin da ya ga dama, shi kuma ya ci nasa a majalisa, shi ne ya fara kife tukunyar. Cefane nauyinsa ne, haka ma zama a ci tare, haka ma sa 'ya'ya maza su kai niƙa su ɗebo ruwa.

Asarar ba ta tsaya ga aljihu ba. A gaban akushi yaro ke koyon wanke hannu, da ci daga gabansa, da barin nama sai babba ya raba. A bakin murhu yarinya ke sanin cewa karan dafi ne ke ba waakye jan launinsa, kanwa ce ke sa wake ya nuna da wuri, daddawa kuma daga kalwar ɗorawa ake yin ta. Kalmomi irin su surfe, da tankaɗe, da talge, da ruɗe, da tuƙi, ba a koyon su a aji. Idan aikin ya mutu, su ma sun bi shi, kuma Hausar Zango, wadda Turanci da Twi suka riga suka matse ta, za ta ƙara ramewa.

Gyaran yana hannun masu gida da masu faɗa a ji. A mayar da tuwo da dambu da fura kan tabarmar biki da suna ba tare da jin nauyi ba. Ƙungiyoyin adashi su haɗa kuɗi su sayi buhunan hatsi da kaka, lokacin da yake da araha, su raba. Limamai da sarakunan Zango su yi maganar cefane kamar yadda suke maganar tarbiyya, domin ɗayan yana riƙe da ɗayan. Kowane gida kuma ya ware ko da daren Juma'a, a tuƙa tuwo, a kashe talabijin, uba ya zauna a ci da shi.