Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastoci Da Dattawan Ikilisiyoyin Gwandu Da Kalgo

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Kirsimeti ya ƙarato. Zumuntar mata sun ɗinka anko, 'yan kwaya suna ta gwajin waƙoƙi da yamma, hunturu kuma ya sauka. Kafin hidima ta ɗauke hankalinku, ina kawo muku kuka a kan wata ɗabi'a da ta samu wurin zama a majami'unmu, wato auna mutum da ƙabilarsa tun bai buɗe baki ba.

Kun fi ni sanin zamanmu a nan. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, ƙanen Shehu Usmanu, mu Kirista kuma 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Yawancinmu aiki ko kasuwa ko karatu ne ya kawo mu: Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari daga ƙasashen Zuru da Yawuri, Ibo masu shaguna, Yarabawa, ga ɗalibai daga ko'ina tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta yake Kalgo. Duk cikinmu babu wanda bai san zafin a yanke masa hukunci daga jin sunansa kawai ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wata Lahadi na ga abin da ya tsaya mini a rai, a wata majami'a da ba zan kama sunanta ba. Wani saurayi Bafulatani ya zo sujada, sanye da takalmin roba, riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa da bangonsa ya tsufa. Masu tsaron ƙofa suka bar mutane suna wucewa, shi kuma suka tsayar da shi, suka laluba aljifansa, suka tambaye shi wanda ya gayyato shi. Da ya shiga ya zauna, sai wata uwa ta jawo ɗanta daga kusa da shi. Har aka yi addu'ar rufewa bencin nan shi kaɗai ne a kai. Ya ba da baikonsa, ya fita, babu wanda ya miƙa masa hannu.

Na san inda tsoron ya fito. Da yawa cikinmu sun binne 'yan uwa a Danko-Wasagu da Sakaba, kuma ba mu manta da ɗaliban da 'yan bindiga suka kwashe a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ba. Ba na cewa a daina bincike a ƙofa. Ina cewa in za a laluba, a laluba kowa, har da ɗan fasto. 'Yan bindigar nan sun kore shanun Fulani da yawa, sun kashe Hausawa manoma ba adadi. Bafulatanin da ya baro rugarsu ya bi Almasihu, sau da yawa ya rasa dangi da gādo da matar aure. In mu ma muka juya masa baya, ina zai dosa?

Ku da kuke wa'azi kun san waɗanda aka fara yi wa albishirin haihuwar nan a sura ta biyu ta Luka: makiyaya ne masu kwana a daji suna tsaron dabbobi. Kun kuma san cewa Matiyu ya sa Rahab ta Yariko da Rut 'yar Mowab cikin jerin kakannin Yesu, ba Yahudawa ba ne su biyun. Muna sa yaranmu su ɗaura rawani su riƙe sanda a wasan kwaikwayon Kirsimeti, muna tafa musu, ga makiyayi na gaske a bakin ƙofa muna hararsa.

Haka ɗan'uwa Bahaushe. Tun 1932 aka kammala Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, da harshensa muke waƙa da addu'a, amma in ya tsaya zaɓen dattawa sai a fara raɗa cewa ba a san zuciyarsa ba. Tsakanin masu sujadar Turanci da masu sujadar Hausa ma akwai kallon raini, kowa ya sani.

Manzanni sun gamu da irin wannan. A sura ta shida ta Ayyukan Manzanni, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi shiru don zaman lafiya ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenawa, aka ba su aikin. Ku dubi majalisar dattawanku da idon basira: ƙabila nawa ce a ciki?

Ga roƙona na bana. Da zarar an shiga makon Kirsimeti motoci za su cika zuwa Zuru da Kudu, majami'u su yi fayau. Waɗanda za su rage su ne ɗalibin da ba shi da kuɗin mota, da 'yan gudun hijira, da sabon tuba wanda ƙofar gidansu ta rufe masa. Ku rubuta sunayensu tun yanzu, ku raba su gidajen dattawa, su ci shinkafa da miya a kwano ɗaya da 'ya'yanku. Ku ba Bafulatani ko Bahaushe karatun nassi ran 25 ga Disamba a gaban jama'a. Abincin da muka saba aika wa maƙwabtanmu Musulmi, masu aiko mana naman layya, kada ya yanke.

Iyayenmu, abin da kuka yi a gaban taro shi tumaki za su bi. Ku fara miƙa wa baƙon nan hannu a wannan Lahadi mai zuwa.

Ɗanku cikin Ubangiji,
daga Kalgo