A Sa Wa Rijiyoyin Kolmani Kunne Tun Da Wuri

Masu karatu ba su manta ba, ran 22 ga Nuwamba, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya tafi Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya buɗe aikin haƙar man fetur. To, tun rijiyoyi ba su yi yawa ba, akwai maganar da muke so Gwamnati ta duba.

Rijiyar mai ba kamar ta gida ba ce da mutum zai leƙa ya hango gindinta. Rami ne siriri mai zurfin ƙafa dubbai. Akan zura masa bututun ƙarfe, sa'an nan a ɗura siminti tsakanin bututun da jikin ƙasa, don kada mai ko gas su sami hanyar da za su bi su shiga ruwan da jama'a ke sha. Idan simintin ya tsage, ko tsatsa ta ci ƙarfen, ɓarna takan daɗe tana gudana can ƙasa, na sama bai sani ba. Haka aka yi a Aliso Canyon cikin ƙasar Amurka a 2015: ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ci bututun wata tsohuwar rijiyar ajiyar gas, gas ya yi ta fita kusan wata 4, har iyalai dubbai suka bar gidajensu.

Yanzu kuwa masana sun sami dabarar sauraron rijiya daga bakinta har gindinta. Zare ne na gilashi, kaurinsa kamar silin gashi, irin wanda ke ɗauke da saƙon intanet. Akan shimfiɗa shi a jikin bututu, wata na'ura a bakin rijiya ta riƙa harba walƙiyar haske cikinsa sau dubbai a daƙiƙa guda. Gilashi, kome tsabtarsa, yakan mayar da ɗan kaɗan daga hasken baya. Idan wani abu ya girgiza zaren, ko gas mai tsiyaya ta tsaga, ko yashi mai bugun ƙarfe, sai hasken da ke komowa ya sāke. Da yake an san gudun haske cikin gilashi, wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa, lokacin da ya ɗauka kafin ya komo shi ke nuna zurfin wurin. Wato zare guda ya zama kunnuwa jere, kowane 'yan mitoci da nasa, ba a kuwa tsai da aiki ba balle a zura wani ƙarfen awo.

Abin da ya sa muka ce tun da wuri shi ne, wurin da zaren ya fi jin labarin siminti shi ne bayan bututu, cikin simintin kansa, can kuwa ba ya shiga sai ranar da ake ginin rijiya. In an wuce wannan rana sai dai a zura shi ta ciki. Lalle da tsada, ba mu musa ba. Amma wanda ya ga yadda wata rijiya a Nembe, cikin Jihar Bayelsa, ta yi fiye da wata guda tana aman mai a ƙarshen 2021, ya san wadda ta fi tsada. Mutanen Alkaleri da Akko kuwa manoma ne da makiyaya, rijiya da rafi su ne dukiyarsu.

Sai dai fa zaren ba ya gyaran kome, ji kawai yake yi. Abin da yake tarawa a yini yana da yawa ƙwarai, sai da kwamfuta da ƙwararren da ya iya bambanta ƙarar ɗigo da ta famfo. Idan wannan ƙwararre na kamfani ne kaɗai, to, abin da kamfani ya ga dama shi za mu ji. Saboda haka muna roƙon hukumar da dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa lura da haƙar mai ta sa wannan zare cikin sharuɗɗan kowace sabuwar rijiya, ta kuma riƙa karɓar rahoton da kanta. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana nan Bauchi. A tura samarinta masu karatun injiniya su tsaya bakin rijiya ranar da ake shimfiɗa zaren, su koyi karanta abin da yake faɗi.